Shekarar da Maƙera Ta Dawo Tsakar Gida

Na daɗe da auren maƙeri kafin in ga yadda ake ƙira da idona. Maƙerar mijina tana can bayan kasuwar Tudun Wada, cikin wani lungu da mace ba ta da dalilin shigarsa. Abin da na sani game da sana'arsa shi ne abin da yake dawo mini da shi da yamma: baƙin gawayi a wuyan riga, tabon ƙuna a bayan hannu, da kuma tari. Ni malamar firamare ce, shi ya sa yake kirana Malama. Da tsokana ya fara, har abin ya zame masa jiki. Ni kuwa Baban yara nake ce masa, ban daina ba ko bayan da yaran suka girma kowa ya kama gabansa.

Tarin nan ya daɗe tare da mu har mun saba da shi. In ya tsananta mu ce sanyi ne, in dafa masa citta da kanumfari. Sai wata shekara ya fara tsayawa a hanyar masallaci yana dafa bango, masallacin da ke nan bakin layinmu. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar nas 'yar Wusasa da duk layin ke kira Mama, ita ta gan shi a haka wata Lahadi tana dawowa daga coci. Ko gidanta ba ta shiga ba ta biyo shi har tsakar gidanmu, ta ce ya ja numfashi ta ji. Da ta saurara sai ta juyo gare ni ta ce, "Gobe ku tafi asibiti. In ya ƙi, ki kira ni."

Bai ƙi ba. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a haske yana nuna mana, ni dai ban ga komai ba sai fari-fari kamar gajimare. Ya ce huhun ya sha hayaƙi iya shansa, zuciyar ma ta fara gajiya. Magani zai rage wahala, in ji shi, amma hayaƙin gawayi kam sun yi sallama.

A hanyar dawowa, mun wuce Kwangila ke nan ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Wato in zauna ke nan."

Na ce, "Ka zauna ka huta mana, Baban yara. Ai ka yi."

Ya ce, "Ƙirjina ne ya gaji, Malama. Hannuna lafiyarsa ƙalau."

Ya zauna ɗin. Ƙaninsa, wanda shi ya koya masa ƙira tun yana ƙarami, ya riƙe maƙerar. Ban taɓa ganin zama ya ci mutum kamar yadda ya ci shi ba. In na tafi makaranta na bar shi a kan tabarma da rediyo, in na dawo na same shi a wurin, sai dai inuwa ta matsa ya bi ta. Ya wasa duk wuƙaƙen gidan har suka siranta. Ya kwance ƙofar banɗaki ya mayar, alhali ba abin da ya same ta. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, yanzu kuma sai ya koma gaisuwa kawai.

Mai gas ne ya kawo mana canji. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ba ta da maraba da tamu. Shagonsa yana bakin titi, kuma tun da ya ji maigidan ba ya iya ɗaukar kaya, shi yake kawo mana tukunyar gas ta girki har gida. Wata rana ya ajiye tukunyar ya tsuguna gaishe shi, hira ta ja su, sai ya zaro wayarsa ya nuna masa wani Bature yana gasa ƙarfe a cikin ɗan akwati da wutar gas. Ina wanke-wanke ina jin su.

"Ina gawayin?"

"Babu, Baba."

"Hayaƙin fa?"

"Shi ma babu. Dubi rigarsa ma, fara tas."

"Maimaita mini."

Ya yi ta maimaita masa har wayar ta yi zafi. Ran nan ya cinye tuwonsa duka, ya nemi ƙari.

Mai gas ya ba shi wata tsohuwar tukunyar gas da ta daina aiki, don ya yi irin akwatin nan da ita. Aka cika ta da ruwa ta kwana biyu don ragowar gas ya fita, sannan wani mai walda a Tudun Jukun ya yanke mata kai da gindi, ya huda ta a gefe, ya yi mata ƙafafu. Maigidan ya kwaɓa yumɓu da yashi da ƙaiƙayin shinkafa ya shafe cikinta da kauri, ya bar ta a inuwa ta bushe a hankali. Abin hura wutar kuwa, wanda mai gas ke kira bona, bututun ƙarfe ne irin na famfo, bai kai kamu ɗaya ba. A gindinsa akwai ɗan tsini mai 'yar huda. Ta nan gas ke fesowa, ya jawo iska ta bayansa, su gauraya a cikin bututun su kama da wuta a baki. Haka dai ya kamata a ce abin yana yi.

Rumfar kwanon da nake girki a ƙarƙashinta ya roƙa, na ba shi, na mayar da murhuna ƙofar ɗaki. Aka ɗauko masa uwar maƙerarsa daga kasuwa, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, da masabarsa da awartaki. Haka maƙera ta shigo gidana bayan duk shekarun nan.

Aikina na farko shi ne kumfar sabulu. Kafin a kunna sai in shafa ta a duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe, in sa ido. In ta yi ƙwai-ƙwai to gas na zurarewa, sai a sake ɗaurewa. Ni na ce sai an yi hakan, don ina tsoron gas, shi kuma ya yarda don ya samu in tsaya kusa.

Ranar da aka fara kunnawa har wanka ya yi ya sa hula. Ya cusa takarda mai wuta a bakin tukunyar, ya ce in murɗa gas. Wuta ta tashi rawaya, malalaciya, tana lilo kamar ta aci-balbal, tana lasar bakin tukunyar tana barin baƙi. Ya tura guntun rodi a ciki. Muka jira, muka jira. Da ya zaro shi, ko ja bai yi ba, sai baƙin hayaƙi da ya shafe shi.

Ya ce, "Wannan ko ruwan shayi sai ta yi da gaske."

Ya yi dariya, ya ajiye awartakin.

Mai gas ya zo da yamma ya duba. Ya ce, "Baba, kan da ke bisa tukunyar gas ɗin nan na girki ne. An yi shi ne don kada miya ta ƙone, kai kuma ƙarfe kake so ya yi laushi." Washegari ya kawo wani kan, mai agogo da abin murɗawa, wanda ke sakin gas da ƙarfi. Muka sake gwadawa. Wannan karon wutar ta fito da gurnani har na ja da baya. Amma ba ta zauna ba. Sai ta tsere daga bakin bututun, ta yi rawa a tsakiyar tukunyar, ta ce fuf ta mutu, warin gas ya cika rumfar. Na ruga na rufe. A rage gas ta koma rawaya, a ƙara ta gudu. Haka muka yini.

Da la'asar ya zauna a kan turmi yana kallon bututun. Sai ya fara yi mini bayani, ba tare da na tambaya ba. Ya ce a maƙera hannunka ne ke kan zuga-zugi, kai ke ba wuta iskar da take so, kana jin ta a kafaɗarka. In ta yi yunwa ka ƙara, in ta ƙoshi ka sassauta. "Wannan kuwa ita za ta ɗebo iskarta da kanta. Ni nawa in gyara mata hanya in koma gefe. Ban saba ba." Ya ce a ganinsa gas ɗin yana gudu fiye da yadda wutar za ta iya riƙe shi, sai an buɗa bakin bututun kamar na algaita, ya rage gudu a nan, ta samu wurin zama.

Buɗa bakin kuwa sai da wuta, wutar da ba mu da ita. Dole ya aika wa ƙaninsa da bututun. Ƙanin ya buɗa bakin ya kawo da kansa, ya tsaya yana kallon tukunyar, hannu a ƙugu.

Ya ce, "Yaya, don Allah ka bar wannan wahalar. Me ka rasa? Ga ni ina aikin."

"Na gode. Amma bakin nan a karkace ka yi shi."

"Yaya, ƙira da gas ai wasan Turawa ne."

"Na ce a karkace ka yi shi. Miƙo mini zarto."

Ƙanin ya fita ransa a ɓace. Shi kuma ya zauna yana goge bakin bututun, yana yi yana hutawa, har aka kira magariba.

Wutar ta daina gudu, amma ta koma fita a karkace, gefe ɗaya shuɗi, gefe ɗaya ja, tana wani fito siriri. A nan ne idona ya yi amfani. Ya ce ɗan tsinin nan dole ya kalli tsakiyar bututun sak, in ya kauce ko kaɗan ba zai jawo iska daidai ba, shi kuma idonsa ya daina ganin ƙananan abubuwa. "Ke da kike zura allura ba tabarau, leƙa mini." Sai in durƙusa in rufe ido ɗaya in leƙa ta bakin bututun kamar mai harbi, ina cewa dama kaɗan, ƙasa kaɗan, ya wuce, dawo. Shi yana murɗa 'yan ƙusoshin da ke riƙe da tsinin. Hudar ma ta yi faɗi, don da ƙusa ya yi ta. Mai walda ya samo masa wani tsinin na jan ƙarfe mai huda kamar ta allura.

A watannin nan ya yi mini maganar da bai yi mini ba tun da aka kawo ni gidansa. Ba mu taɓa zaman rashin jituwa ba, amma kowa da duniyarsa, ni makaranta, shi kasuwa. Yanzu ina sauri in tashi daga aiki in zo in ji me ya gano. Ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda ba ya barin a yi magana in ƙarfe na cikin wuta. Ya faɗa mini yadda ake gane sifirin mota mai kyau da ƙararsa in an buga shi a ƙasa. Ya nuna mini tabon da ke ƙasan gwiwar hannunsa, ya ce ranar da aka kai kuɗin aurena ya same shi, hankalinsa ba ya kan aiki. Shekara da shekaru ina ganin tabon nan ban taɓa tambaya ba.

Matsala ta gaba ta fi ba mu wuya. Wutar takan fara lafiya, shuɗiya, tsaye. Sai tukunyar ta ɗauki zafi, sai wutar ta fara sarƙewa, fut, fut, fut, kamar babur da mai ya ƙare masa, wani lokaci har ta koma tana ci a cikin bututun. Ya canja tsini, ya rage gas, ya ƙara, ya zaro bututun waje kaɗan. Duk a banza. Wata rana ina tsaye a gefen gindin bututun sai na ji hucin zafi yana dukan fuskata, na ce masa, "Ai zafin da ke fita ta bakin tukunyar nan yake zagayowa."

Ya taso ya kawo tafin hannunsa wurin. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Numfashin da ta fitar take sake sha. Shi ya sa take sarƙewa."

Ya yanko guntun kwano ya kare tsakanin bakin tukunyar da gindin bututun, ya kuma cire bulo ɗaya daga waɗanda ya toshe bayanta da su don hucin ya samu wata hanyar fita. Sarƙewar ta ragu sosai. Sai kuma muka lura in an daɗe ana aiki, tukunyar gas ɗin kanta takan yi sanyi ƙarara, raɓa ta lulluɓe ta, wutar ta yi rauni. Mai gas ya ce a zaunar da ita cikin ruwa. Bahon wankina ya tafi a haka.

Mama nas ba ta son abin nan ko kaɗan. Ta leƙo ta katanga ta ce wutar gas ma tana da nata dafin, wanda ba a gani ba a jin warinsa, kada mu kuskura mu kewaye rumfar da komai. Daga baya ta ja ni gefe ta ce, "Ki bar shi ya yi. Amma ki riƙa duba ƙafafunsa."

Na duba kuwa. Da zafin bazara ya kankama ƙafafun suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka kwantar da shi a asibiti, da robar iska a hanci. Ko a can, in ya samu sauƙin magana, sai ya tambaye ni ko na rufe tukunyar da buhu, kada akuyar maƙwabta ta hau yumɓun. 'Yarmu da ke aure a Kwangila ta yi kuka ta ce in ya fito a fitar da kayan nan daga gidan. Na ce mata ta faɗa masa da kanta. Ba ta iya ba.

Ya dawo ya rame, wuyansa kamar a kama da hannu ɗaya. Bai yi kwana uku ba ya ce in kawo kumfar sabulu. Muka kunna, sai ga wutar ta koma gidan jiya, rawaya, malalaciya, tana hayaƙi, kamar ba mu taɓa gyara komai ba. Ya duba agogon gas, ya duba tiyo, ya sa na leƙa tsinin. Komai yana nan yadda ya bar shi. Ya ce in rufe. Ya koma kan tabarma ya juya fuskarsa bango. Da na kai masa kunu ya ce, "Ƙanina ya yi gaskiya. Ki ce wa mai gas ya zo ya kwashe kayansa."

Ban faɗa wa mai gas ba. Washegari Asabar ce, ba makaranta, ina zaune ina tsintar shinkafa ina kallon rumfar, raina duk a jagule. Sai na ga zanzaro ya zo da ɗan laka a baki, ya yi shawagi, ya shige gindin bututun. Ya fito, ya tafi, ya dawo da wani lakan.

Na ce, "Baban yara, taso ka ga mai gidan haya."

Ya taso da ƙyar. Muka kwance bututun, ya zura waya a ciki, sai ga ɗakin zanzaro ya faɗo, har da 'yan tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Yana can kwance a asibiti, wannan ya samu wuri ya yi gini ya toshe hanyar iska. Ya dubi lakan a tafin hannunsa, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da hawaye, ni ma ina taya shi, har dariyar ta juye ta zama tari, na riƙe shi ina shafa masa baya. Ban ƙara jin ya yi dariya irin wannan ba.

A ranar muka mayar da bututun. Na murɗa, ya kunna. Wutar ta tsaya cak a bakin bututun, gajeriya, shuɗiya, da ɗan kore a tsakiya, tana gurnani ɗaya ba yankewa. Cikin tukunyar ya yi ja, ya koma ruwan goro, ya koma wani haske da ba a iya kallonsa sosai. Ya tura guntun sifirin mota. Ba a jima ba ya zaro shi yana walƙiya kamar an yanko shi daga rana. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ya yi bisimilla, ya ɗaga masaba.

Dukan farko ya sauka da ƙarfinsa, tartsatsi ya watsu. Na biyu ma haka. Kafin ya yi wani abin kirki sai na ga kafaɗunsa suna ɗagawa, bakinsa a buɗe. Ya dafa uwar maƙerar yana neman iska, ƙarfen kuma yana hucewa a gabansa, daga ruwan goro ya koma ja, daga ja ya koma baƙi. Ya mayar da shi wuta. Ya ce in riƙe masa awartakin don ya kama masabar da hannu biyu. Na riƙe. Ina jin kowane duka yana ratsa hannuna har kafaɗa, ina kuma jin yadda kowane ke zuwa da rauni fiye da na bayansa. Ya sake tsayawa. Ya sake mayarwa. A karo na ƙarshe masabar ta sauka a gefe, ta zame, ya bar ta ta faɗi ƙasa.

Ya zauna a kan turmi. Wutar tana ta gurnaninta lafiya ƙalau, ba sarƙewa, ba hayaƙi. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "To, ta gyaru, Malama."

Na ce, "Ta gyaru."

"Rufe ta. Kada gas ya tafi a banza."

Na rufe, na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na toshe bakina da zani.

Bai daina kunna ta ba. Ya koma ƙananan abubuwa da 'yar guduma, irin su basilla, da ƙugiyar rataye nama, da tsinken tsire, yana yi a zaune. Yakan raba wa matan layi kyauta. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wani tsohon manomi daga ƙauye, wanda ya ce tun yana saurayi ba ya riƙe garmar kowa sai ta maigidana, ya bi kwatance har gida. Suka gaisa a zaure, ina jin su. Manomin ya ce ya ji an ce ya samu sabuwar wuta. Maigidan ya ce masa e, ya samu, har ya shigo da shi ya kunna masa ya gani. Mutumin ya yi ta mamaki. Sannan maigidan ya ce, "Ka je wurin ƙanina, zai yi maka. Ka ce masa na ce kada ya yi gaggawar tsoma ta a ruwa." Da baƙon ya tafi, bai ci abincin rana ba.

Ya rasu bayan an yi shuka, wata ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa. Tun asuba numfashin yake yi masa wuya, ya ce kada a kai shi ko'ina. Mama nas tana riƙe da hannunsa ɗaya, ni ina riƙe da ɗayan, ina maimaita masa kalmar shahada yana bi da leɓe. Mai gas ya rufe shagonsa ya bi jana'iza har maƙabarta, ya tsaya daga gefe. Aka ce mini ya fi wasu 'yan uwan kuka.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya yi sallama wata safiya, ya ce daga bakin ƙofa yana so ya gwada abin nan na Yaya, in na yarda. Na ce ya gwada. Ina zaune a ɗaki, labule a sake, na ji ƙarar ashana, na ji wutar ta kama. Ban san haka jikina zai yi ba. Gurnanin nan ya cika gidan, sai na ji kamar in na ɗaga labule zan gan shi a kan turmi. Na kama ƙafar gado na riƙe.

Can sai ta fara, fut, fut, fut. Na ji yana murɗa wannan yana murɗa wancan, yana tsaki. Na yi niyyar in yi shiru, amma na kasa.

Na ce, "Akwai guntun kwano jingine da bango. Ka tsayar da shi tsakanin bakin tukunyar da gindin bututun."

Na ji motsin kwano. Wutar ta daidaita. Sai na ji muryarsa ta canja, ya ce, "Ashe da gaske tana yi." Sai ya fashe da kuka, babban mutum mai jikoki, yana cewa shi bai taɓa tsayawa ya gani ba, ko sau ɗaya. Ni ina ciki ina nawa, shi yana waje yana nasa, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Bayan na fita takaba ya zo da masu kura suka kwashe kayan. Wajen ɗagawa yumɓun cikin tukunyar ya tsage, wani ɓangare ya zube. Ya ce zai sake shafe ta. Ban sani ba ko ya yi, ban kuma tambaye shi ba.

'Yata tana ta roƙona in koma wurinta Kwangila, ta ce gidan ya yi mini girma. Na ce mata sai bayan damina. Damina ta wuce, wata ma ta zo, ina nan. Na koma makaranta. In na taso nakan biya in gaida Mama, don ita ma ƙafa ta fara hana ta fita, mu ɗan zauna mu yi hira, har in ga rana ta yi sanyi in tashi in je in ɗora tukunya.